Fenti ruwan pesh a salon amarya: yaya ake haɗa shi, kuma wane launi zai tafi da shi?

Maman Walida (Karkada):

Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah shawara nake nema ga waɗanda suka san harkar fenti. Ƙanwata ce za a kai ɗaki bayan Sallah in Allah ya kai mu, kuma tunda mahaifiyarmu ta rasu ni ce uwa ni ce ya, duk wani abu na gyaran ɗaki a wuyana yake. Angon ya gama ginin a can wajen hanyar Mirya, ciki da salon, an yi yaɓen siminti kwana goma sha biyu ke nan, ya ce mu zaɓi launin da muke so shi zai biya mai fenti. To ita yarinyar ta nuna min wani hoto a waya, launin nan da ake ce ma pesh, shi ba ruwan goro ba shi ba ruwan hoda ba, kamar dai lallen hannu in ya kwana goma ya fara kodewa, ko cikin gwanda da ba ta gama nuna ba. Wlh ni ma ya shiga raina, launi ne mai sanyi a ido kuma yana sa ɗaki ya yi kamar da hantsi kullum.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne na taɓa ƙonewa. Shekara biyu da suka wuce na so irin wannan launin a ɗakina, na nuna ma wani mai fenti hoto ya ce ya gane, na tafi biki Matamai kwana biyu, da na dawo na buɗe ƙofa sai na ga ɗakin ya koma ruwan goro jawur kamar wanda aka tauna aka tofa a bango, da rana in ka shiga har zafi kake ji ya ƙaru. Na yi kuka ranar, kuɗin sun riga sun tafi, haka na zauna da shi wata takwas kafin na samu halin sakewa da fari. Ba na son haka ta faru da yarinyar nan, ɗakinta na fari ne.

Salon ɗin metir 4 ne da metir 5, taga ɗaya babba tana kallon gabas, ƙofa tana kallon kudu. Karon ƙasa ruwan madara ne mai ɗan ratsin ruwan ƙasa. Kujerun da muka ba da a yi ruwan ƙasa ne mai duhu. Ban sayi rido ba tukuna, ban sayi tapi ba. Tambayoyina: yaya zan yi ma mai fenti bayani ya gane, wane launi za a sa a plafon da ƙofofi, rido wane iri zai shiga, kuma na ruwa za mu saya ko na mai? Allah ya saka da alheri.

Baban Sani Mai Fenti (Zango):

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifiya, ya sanya alheri a auren. Sana'ata ce wannan tun ina yaro ina riƙe ma maigidana tsani, bari in faɗa miki abin da na sani.

Kafin ma maganar launi, kwana goma sha biyu bai isa ba. Sabon yaɓen siminti yana son kamar kwana 28 kafin a ɗora mai fenti, saboda akwai ruwa a cikinsa kuma akwai wani kaifi irin na kanwa da ke cin launi, in kika yi gaggawa za ki ga bayan wata biyu wani farin gishiri-gishiri yana tsattsafowa ta ƙarƙashin fentin, wani wuri ya yi haske wani ya yi duhu, wani wurin ma ya kumbura ya ɓare. Na san a garin nan iska busasshiya ce, bango yana nuna kamar ya bushe cikin kwana uku, amma waje ne ya bushe ba ciki ba. Ku ƙara mai kwana goma sha shida, ku bar taga da ƙofa a buɗe.

Abin da ya same ki a ɗakinki kuwa na san yadda aka yi ko ban je ba. Mutumin ya sayi farin FOM, wato fentin ruwa, ya sayi koloran ruwan lemo, wato abin da ake zuba ma fenti ya ba shi launi, ya juye a ciki yana kallon bokiti, shi ke nan. Kurakurai biyu ne a nan. Launin da kike gani a bokiti ko a ɗan kati kamar tafin hannu, in ya hau bango huɗu ƙarfinsa ninkuwa yake yi, don bangon nan yana haska wancan, wancan yana mayar ma wannan, sai ɗakin ya cika da shi. Sannan fentin ruwa in ya bushe yakan ɗan ƙara duhu a kan yadda yake a jiƙe. Shi ya sa ni in mutum ya nuna min launi a kati, wanda bai kai shi ƙarfi ba nake haɗawa, ya yi kamar zai ce min ya yi fari da yawa, in ce ya jira gobe.

Pesh mai taushi kusan duka fari ne. Ba da ruwan lemo nake haɗa shi ba ni, koloran biyu nake sa, rawaya mai kama da ƙasa wadda ake ce ma okir, da ja mai kama da jan ƙasa, rawayar ta fi jan yawa. Waɗannan biyun daga tsatsar ƙarfe ake yin su, ba sa tsoron rana kuma ba sa tsoron siminti, su kuwa ruwan lemo mai walƙiya da ja mai walƙiya su ne ke saurin kodewa, bangon da rana ke dukansa ta taga sai ki ga ya bambanta da sauran cikin shekara. A zuba kaɗan kaɗan da murfin kwalba ana ƙirgawa, a juya sosai har ƙasan bokiti, a rubuta adadin a takarda ki ajiye. In ya karkata ya yi ruwan hoda a ƙara rawaya, in ya yi kamar ƙwanduwar ƙwai a ɗiga ja. Ƙara launi abu ne mai sauƙi, amma in ya wuce sai an sayo wani farin da yawa kafin a dawo da shi.

Ga abin da nake roƙonki ki yi, kuma ki tsaya a kai da kanki kada ki tafi ko'ina: a haɗa kala uku a ƙananan robobi, mai haske, matsakaici, da mai ɗan ƙarfi, a shafa kowanne faɗin metir ɗaya shafa biyu, a bangon da ke fuskantar taga da kuma bangon da tagar take jikinsa don shi ne mai inuwa. A bar shi ya kwana. Ki zo da amaryar ku duba da safe lokacin da rana ke shigowa ta gabas, ku duba bayan azahar, ku duba da dare da wuta a kunne. Ku zo da ƙyallen kujerar ku kanga a jiki. Wanda ya yi muku daɗi a lokutan uku shi ne naku.

Lissafin yawa: kewayen ɗakin metir 18 ne, in tsayin metir 3 ne ya zama 54, a cire ƙofa da taga ya rage kamar 50. Shafa biyu 100 ke nan. Litir ɗaya yana cin kamar metir 8 zuwa 10 a bango mai santsi, kin ga litir 10 zuwa 13, amma sabon bango shan fenti yake kamar rairayi, sai an fara mai shafar fari ta ƙasa, in da hali a yi andiwi, wato siririn shafen da ke sa bango ya yi santsi, a goge da takardar gugar nan. Kuma duk abin da za a shafa a haɗa shi gaba ɗaya a babban mazubi ɗaya, kada a ce in ya ƙare a sake haɗawa, ba zai taɓa zuwa daidai ba ko wa ya haɗa. A rage miki litir ɗaya a rufe da kyau saboda ranar jere, masu shigo da gado da kujeru sai sun goge wani wuri.

Na ruwa za ki saya don bango. Na mai yana ƙyalli, pesh kuwa in ya yi ƙyalli kyansa ya tafi, kuma duk wani tudu da kwari na yaɓe sai ya tona shi, ga wari da zai daɗe a ɗaki. Na mai a bar shi ga ƙofa da ƙarfen taga. Plafon fari.

Inna ta Birni:

Ƴata sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ki ladan riƙon zumunci. Duk abin da Malam ya faɗa gaskiya ne amma shi yana gama aiki yake ɗaukar tsaninsa ya tafi, mu ne ke zama da bangon. Ni maganata a kan ƙura ce. Ke kin san hunturun garin nan, daga Disamba zuwa Fabrairu ko ka rufe taga ka toshe da tsumma sai ka share ɗaki sau biyu, kuma ƙurar nan ja-ja ce. A nan kam pesh ya yi dabara don launinsa dangin ƙurar ne, ba ya nuna ta kamar yadda fari ko ruwan bula ke nunawa, ɗakin jikata haka yake kuma sai ka sa yatsa kake sanin akwai ƙura. Amma hannu fa? Amarya yau, gobe in Allah ya kawo rabo yara ne, ga baƙi masu jingina da bango kai da man kitso, ga mai cin tuwo da zai dafa bango ya tashi. FOM na arha in kika sa tsumma mai ruwa kika goge, launin ne zai biyo tsumman ya bar miki tabo. To ko dai ku daure ku sayi na ruwa mai kyau wanda ake iya wankewa, ko kuma a yi abin da muke yi tun da, daga ƙasa zuwa kamar ƙugu a sa na mai, sama a sa na ruwa. Na san yaran yanzu suna cewa wannan ya yi kama da lakkwal ko likita, amma in aka yi na ƙasan da launi ɗaya da na saman sai dai ya ɗan fi shi duhu, aka ja layi siriri mai kyau, ba wanda zai ce komai.

Sai maganar fari. Malam ya ce plafon fari, na yarda, amma ba farin nan mai shuɗi-shuɗi kamar an sa ma riga bula ba. Farin madara. Karonku ma ruwan madara ne kin ce, to su zama ƴan uwa sama da ƙasa.

Kuma ki tuna kayan jere. Ban san me kuka saya ba amma in akwai kwalla da kuloli masu ruwan zinari da su faranti masu fure, ɗakin zai riga ya cika da ado, bango sai ya yi shiru ya bar su su yi magana. Kada ki biye ma masu cewa a yi bango ɗaya da wani launi daban mai ƙarfi, a hoto ne yake kyau inda ɗaki ba kowa ba komai. Mu nan Birni da kike ganin zanen da ke fuskar gidaje masu launi iri iri, ai a waje ake yin sa don mai wucewa, ba a inda za ka zauna yini guda kana kallonsa ba.

Abdul_Damagaram (ina karatu a Yamai):

Aunty barka da hidima. Ni zanen gini nake karanta, ga ɗan abin da zan ƙara. Launin da ƙanwarki ta gani ba mamaki shi ne wanda kamfanin Pantone ya zaɓa a matsayin launin shekarar 2024, sunansa Peach Fuzz, lambarsa 13-1023, tun daga lokacin ya cika Instagram da TikTok. Amma kada ki dogara da waya ko kaɗan, waya haske take fitarwa daga cikinta shi kuwa bango hasken da ya samu yake mayarwa, kuma ki gwada buɗe hoton nan a wayoyi uku za ki ga pesh uku. Gara ki samu wani abu na hannu, ƙyalle ko gyale mai launin da kuke so, shi za ki ba mai fenti.

Abin da ba wanda ya taɓo sosai shi ne ampul. Yawancin LED da ake sayarwa a butik farare ne tas, in kika duba kwalin za ki ga an rubuta 6500K, wato lambar da ke nuna launin hasken, haskensu yana da shuɗi a ciki, in ya sauka a kan pesh sai ya kashe shi ya koma wani ruwan hoda mai datti kamar ya tsufa. Masu 2700K kuma rawaya ne sosai, suna tura shi wajen ruwan goron da kike gudu. Ki nemi 3000K ko 4000K, kuma ki sa ampul ɗin kafin ranar gwajin da Baban Sani ya ce, don da shi za ta zauna kowane dare. Tagar gabas kuma ma'anarta da safe ɗakin zai yi ɗumi launin ya fito sosai, bayan azahar ya lafa ya ɗan yi duhu, saboda haka kada ku yanke hukunci da safe kaɗai.

Game da abin da zai tafi da shi, a da'irar launuka abokin adawar ruwan lemo shuɗi ne, shi ya sa ɗan shuɗi mai duhu ko shuɗi mai sirkin kore yake sa pesh ya fito ras. Amma kaɗan, a filolin kujera ko a ratsin tapi. Mu ana koya mana 60, 30, 10: kashi 60 babban launi wato bango, 30 na biyu wato kujerunku ruwan ƙasa da karo, 10 na ƙarshe shi ne mai ɗaukar ido. Kore mai toka-toka irin na busasshen ganyen zogale shi ma yana shiga sosai. In kuna son lamba don fentin ƙofa, a katin launukan fenti da ake ce ma RAL akwai 9001 farin madara ne, 1015 kuma ya ɗan fi shi rawaya kamar hauren giwa.

A nan na saɓa da Inna kaɗan, Allah ya ba ta haƙuri, ni ina ganin bango ɗaya a bayan kujera mai launin jan ƙasa irin na tukunya zai yi kyau, tunda danginsu ɗaya da pesh ba faɗa za su yi ba.

Zee Sabon Gari:

Ni dai rido ruwan toka na sa a nawa kuma ya yi kyau wlh, amma toka mai ɗumi wadda ta karkata wajen ruwan ƙasa, na fara sayen mai sanyin nan kamar siminti sai ɗakin ya yi wani iri na mayar. Abin da zan ce kada ki kuskura shi ne rido ja ko ruwan hoda mai ƙarfi ko ruwan lemo, cinye bangon suke yi. Kuma ki sa rido biyu, shara-shara fari a ciki mai kauri a baya, saboda ranar watan Afrilu da Mayu in ta shigo ta tagar gabas tun ƙarfe takwas ɗakin ya ɗau zafi. In za ki Kasuwar Dole ki tafi da ɗan katako da aka shafa ma fentin ki kanga a jikin yadin, a wajen rumfa cikin haske, kada ki zaɓa da ka.

Inna ta Birni:

Abdul ɗana ba laifi, kai ka yi karatun. Amma kujerun ruwan ƙasa ne mai duhu, in ka sa jan ƙasa a bayansu a ɗaki mai taga ɗaya, wannan kusurwar za ta yi duhu kamar rumbu. Da ɗakin babba ne mai taga biyu da na bi ka.

Maman Walida (Karkada):

Jama'a na dawo, Allah ya saka muku da alheri ya biya ku, ban san yadda zan gode ba. Mun jira har yaɓen ya cika wata ɗaya, angon ya so ya yi gardama don yana ganin lokaci na tafiya, na karanta mai abin da Baban Sani ya rubuta sai ya yi shiru. Na sayi ampul 4000K guda biyu aka sa. Shekaranjiya mai fentin ya haɗa kala uku a gabana da okir da jan nan, ina riƙe da takarda ina rubuta murfi nawa ya zuba, ya shafa a bango biyu.

Abin mamaki, wanda ni da ita muka nuna a roba muka ce shi ne, wato na tsakiya, da muka zo jiya da safe rana ta sauka a kansa sai ga shi yana neman komawa irin na ɗakina na da, gabana har faɗuwa ya yi. Mai hasken da muka raina muka ce ai wannan fari ne kawai, shi ne ya fito daidai da gyalen da ta kawo, da azahar ya yi sanyi, da dare kuma muka zauna a kan bokiti mu biyu muna kallonsa ta ce Yaya wannan ne. Na kanga ƙyallen kujerar a jiki ya zauna daram. Plafon za a yi farin madara kamar yadda Inna ta ce, ƙofa da ƙarfen taga ma haka da na mai. Bango ɗaya mai jan ƙasa mun bar shi, Abdul ka yi haƙuri, amma ta ɗauki shawararka ta filoli, shuɗi mai sirkin kore za a ɗinka guda huɗu. Rido ruwan madara mai kauri da shara-shara a ciki. Na ƙara kuɗi daga wajena aka sayi fentin da ake wankewa don ita ba ta son a raba bangon biyu.

Saura abu ɗaya. Ɗakin kwanan tagarsa yamma take kallo kuma ƙarama ce, shi ma wannan haɗin za a sa ko a canza?

Baban Sani Mai Fenti (Zango):

Madalla Hajiya, haka ake yi. Na ɗakin kwana kada ki canza launi, amma ranar yamma ta fi ta safe ja, daga la'asar zuwa magariba za ta ƙara mai wuta. A ɗebi haɗin salon a ƙara mai fari kamar kashi ɗaya cikin huɗu, a shafa metir ɗaya a bangon da ke kallon tagar, ki je ki duba shi da ƙarfe biyar na yamma kafin a ci gaba. Takardar da kika rubuta adadin murfin kuma ki ɗauke ta hoto ki tura ma amaryar ta ajiye.